Wayar da ba ta da waya

Abin da ke aljihunka babu igiyar da ta haɗa shi da turke, amma waya kake ce masa. Asali waya siririn ƙarfe ce. Da aka fara tura saƙon tangaraho ta cikinta sai aka ce "buga waya", ofishin kuwa ya zama gidan waya. Tarho ya gaji sunan, salula ta gada daga tarho. Babu kwamitin da ya zauna kan wannan, bakin jama'a ne ya yi ta maimaitawa har ya zauna.

Yawanci ga yadda abin ke tafiya. Baƙon abu ya zo, sai a ɗauko tsohuwar kalma mai kama da shi a ɗaura mata bayani. Jirgi a da na ruwa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka ce jirgin ƙasa. A 1925 wani ya sauko daga sama, aka ce jirgin sama. Daga nan yawan faɗa ya cinye bayanin, domin mai magana ba ya furta abin da ya san mai sauraro zai cike da kansa. Yau in an ce filin jirgi, babu mai tuna kogi. Matakin ƙarshe ya fi burge ni: mai gida ne yanzu ke neman shaida, sai an ce jirgin ruwa kafin a gane shi.

Haka wuta ta koma lantarki, mai ya koma fetur. Kuɗi kuwa jam'in wuri ne, wato ɗan ƙoƙon tekun nan da ake ciniki da shi a da, wurin ya tafi, sunan ya tsaya.

Inda ake tuntuɓe shi ne ɗaukar asalin kalma a matsayin ma'anarta ta gaskiya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar algus da yaudara, amma uban da ya ce ɗansa yana makarantar boko ba zamba yake nufi ba. Ƙamus yana rubuta abin da ya tarar ne a zamaninsa. Kuskuren yana da ɗan'uwa, wato karanta tsohon rubutu da ma'anar yau. Mai fassara ya fara duba shekarar takarda da kalmomin da ke kewaye da wadda yake shakka. In tsohuwar wasiƙa ta ce an biya kuɗi dubu ashirin, mai yiwuwa wuri ake nufi, ba fam ba.