Shawara ga matasa masu son kiwon kilifish a gida

Kilifish ƙananan kifaye ne masu ado, waɗanda yawancinsu ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Akwai nau'in da masana suke kira Pronothobranchius kiyawensis, wanda aka raɗa wa sunan kiyawensis a shekarar 1928, saboda a Kogin Kiyawa, kusa da Katagum, aka samo shi. A kududdufan damina yake rayuwa, idan ruwa ya ƙafe iyayen su mutu, ƙwai kuma ya kwanta cikin laka har wata daminar. Akwai kuma Fundulopanchax gardneri na yankunan Binuwai da Kuros Riba, wanda masu kiwo a Turai suke bambanta zuriyoyinsa da sunayen garuruwa irin su Makurɗi da Lafiya da Akure. Da shi nake ba kowane sabon shiga shawarar ya fara, domin yana da juriya, kuma ƙwansa yakan ƙyanƙyashe cikin ruwa a mako biyu zuwa uku ba tare da an busar da shi ba.

Mai son ya hayayyafa wannan kifi ba zai wadatu da tanki ɗaya ba, tunda dole ne ya raba iyaye da ƙwai, ya raba manyan 'ya'ya da ƙanana, shi ya sa ake haɗa kanta mai hawa-hawa a jera ƙananan tankunan gilashi a kanta. A nan na fara tuntuɓe, domin na ƙirga tankuna ban ƙirga nauyi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankuna 12 masu cin lita 20 kowanne sun kai kilo 240 tun ba a haɗa da nauyin gilashi ba. Kantar katako mara kauri da na fara da ita ta lanƙwashe a tsakiya, gilashin tanki ya tsage daga gindi. Ku je wurin mai walda ya haɗa muku ta ƙarfe, a shafe ta da fentin hana tsatsa, a daidaita ƙafafunta har ruwa ya tsaya sosai a kowane tanki, sannan a ɗaure ta da bango, musamman a gidan da yara suke. Ku shimfiɗa farin soson nan da ake naɗe kayan lantarki da shi a ƙarƙashin kowane tanki. Kada kuma ku matse hawa-hawan. Ku bar sarari kamar taƙi guda a saman kowane tanki, domin idan hannu da ragar kamu ba sa shiga cikin sauƙi, canjin ruwa zai zama wahala, abin da ya zama wahala kuwa ba a daɗewa ake daina yinsa.

Zafi shi ne babban abin da ya kamata ku yi wa tanadi, kuma littattafan Turawa ba za su taimake ku sosai a nan ba, tunda su da sanyi suke fama. Gardneri ya fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 26, alhali a bazararmu ɗaki mai rufin kwano yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Na taɓa ajiye iyayen da na fi ji da su a hawa na sama don in riƙa ganinsu da kyau, ban lura cewa can zafi yake taruwa ba, sai suka daina saka ƙwai, launinsu ya dushe. Ku zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da tagar da rana take dukanta, ku sa iyaye a hawa na ƙasa, ku ajiye ma'aunin zafi a sama da ƙasa. Fanka mai kaɗa saman ruwa tana rage zafi, amma tana ƙafar da ruwan, don haka sai an riƙa cikawa.

Game da iska, famfon iska guda ɗaya da aka rarraba shi da siraran tiyo zuwa soson tace ruwa a kowane tanki ya isa, kuma kilifish ba ya son ruwa mai ƙarfin gudu. Tunda ɗauke wuta ba sabon abu ba ne, ku nemi famfo mai batir ko ku haɗa shi da sola, kuma kada ku cika tanki da kifi. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin, saboda haka ku tanadi duro ɗaya da ruwa zai kwana a ciki kafin a yi canji da shi.

Kowane tanki ya samu murfi wanda ba shi da kafa ko kaɗan. Kifin nan gwanin tsalle ne, kuma ƴar ƙofar da aka bari don tiyo ta ishe shi fita. Ko dai ku tarar da shi a bushe a ƙasa, ko kuma ya faɗa tankin maƙwabta. Wannan na biyun ya fi ɓarna a wurina, domin matan zuriyoyin gardneri kusan kamarsu ɗaya, idan ta Makurɗi ta gauraya da ta Akure babu mai iya raba su da ido, 'ya'yan da za a samu kuma ba su da asalin da za a iya danganta su da shi. Ku rubuta sunan nau'i da garin asali da ranar ƙyanƙyasa a jikin kowane tanki, kuma kada a yi yawo da raga ɗaya daga tanki zuwa tanki ba tare da an wanke ta an shanya ba, saboda ta haka cuta take zagaye tankunan gaba ɗaya.

Wurin saka ƙwai ba ya buƙatar kuɗi: a samu zaren ulu na roba irin na saƙa, a ɗaure shi tuntu, a tafasa shi, a jefa cikin tanki. Bayan kwana biyu ko uku sai a ciro shi a matse a hankali, a bi silin zaren da yatsa. Ƙwan yana nan kamar ƙwayar gero mai sheƙi, kuma yana da ƙwarin da yatsa ba zai fasa shi ba. A zuba shi a ƙaramar roba mai ruwa mai tsabta, duk wanda ya yi fari a cire shi kafin ya ɓata sauran. Tun kafin ƙyanƙyasa ku koyi haɗa abincin jarirai, wato 'ya'yan artemiya, wata ƴar mitsitsiyar halittar ruwa, da ake ƙyanƙyashe ƙwanta a ruwan gishiri mai iska cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin ba sa kula abincin da ba ya motsi. Manya suna son tsutsar sauro ƙwarai, amma ku ba su iya abin da za su cinye nan take, kada ragowar ta rikiɗe ta zama sauro a ɗakin da mutane suke kwana.