Doki ya miƙe taku, ba ya ƙara sauri ba

Abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kai a wasan diresaj, wato wasan nuna horon doki da tsarin takunsa, shi ne, in an ce doki ya tsawaita taku a sassarfa sai su ɗauka gudu ake nufi. A'a wallahi. Kiɗan ƙafafun yana nan yadda yake, ɗaya biyu ɗaya biyu, ƙasar da kowane taku ke ci ce kawai take ƙaruwa, har kofaton baya ya riƙa sauka gaban sawun da na gaba ya bari.

Ƙarfin daga ƙafafun baya yake fitowa. Shi ya sa ni nake fara tara dokin, wato in sa ya tattaro ƙarfinsa a ƙafafun baya, a kwanar fili, in ɗan riƙe linzami kaɗan in saki, sai mun miƙe kan layin da ya ratsa filin daga kusurwa zuwa kusurwa, filin wasan mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, sannan in matsa shi da ƙafa in ba shi hannu ya miƙa wuya, amma fa ba sakin linzamin gaba ɗaya ba don in ka sake shi nauyinsa zai zubo gaba ya hau sauri. Taku biyar ko shida masu kyau sun isa da farko, ka maido shi takunsa na da tun kafin ya rikice.

Ka riƙa tashi kana zama a sirdi, bayansa ya fi sakewa. Sanduna da aka jera a ƙasa don ya riƙa tsallake su a sassarfa ma suna taimakawa, tazarar tsakaninsu kamar mita 1.3, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Kaimi kam ba ya tsawaita taku, sai ma ya sa dokin ya ƙage bayansa.