Yadda na ɗora antiX a tsohuwar laptop mai RAM giga 2

Laptop ɗin ta yayana ce, irin tokunbo ɗin nan mai Core 2 Duo da RAM giga 2, Windows 7 ne a kanta. In ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana juyi, fanka na ta ihu. Kuma ni damuwata ba nauyin kaɗai ba ne, tun Janairun 2020 Microsoft suka daina turo wa Windows 7 gyaran tsaro, Windows 10 ma an rufe nasa a Oktoban 2025, shi kuwa 11 ko kallonta ba zai yi ba tunda yana neman RAM giga 4 da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro ne a cikin injin). Yayana har ya ce a ba 'yan gwangwan, na ce Yaya don Allah bar min ita tukuna, ƙanwarmu na neman abin da za ta yi taifin ɗin project. Sai na yanke shawarar cire Windows na sa mata Linux, wani system ne daban da ke maye gurbinsa, kuma antiX nau'insa ne mara nauyi.

Abu na farko dai na kwashe hotuna da takardun da ke ciki na zuba a wani filash, don in ka ce wa installer ya ɗauki disk ɗin gaba ɗaya to komai ya tafi. Sai na duba processor ɗin 64-bit ne ko 32-bit, kar ka raina wannan wallahi. Core 2 Duo 64 ne, amma ƙananan netbook masu Atom N270 32 ne zalla, kuma a nau'o'in Linux, Lubuntu da Linux Mint duk sun daina fitar da na 32, Debian ma da ta fitar da 13 a 2025 ta daina ba da installer ɗinsa. antiX na cikin waɗanda suka daɗe suna riƙe da masu irin waɗannan injinan, a kan Debian aka gina shi.

Na sauke Lubuntu da antiX da datar dare, na sa Ventoy a filash, shi Ventoy daɗinsa kawai kwafin fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin system ɗin da ka sauke, za ka yi ka jefa ciki, ko guda nawa ne, in ka yi boot ya jero maka ka zaɓa. Ana kunnawa na dinga danna F12 har menu ya fito (a HP yawanci F9 ne). Dukkansu biyun za ka iya gwada su daga filash ba tare da ka taɓa hard disk ba, a nan na gwada sauti da Wi-Fi da kibod. Lubuntu ya fi kyau a ido gaskiya, amma antiX da ya gama tashi na ga RAM ɗin da ya ci bai kai mega 300 ba, sai na ce shi ke nan an gama magana.

Batirin ya mutu tuntuni, cire caja ɗif take mutuwa, don haka ban yarda na fara install da wutar gari ba, sai da na je shagon wani abokina mai sola. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta disk sai ka sake daga farko. Install ɗin kansa bai da wani wahala, sunanka, password, lokaci ka zaɓi Africa/Lagos.

Inda na fi koyon darasi shi ne burauza. Linux ya sauke nauyin system, amma shafukan intanet na yanzu ba ruwansu da tsufan injinka. LibreOffice Writer, wato madadin Word, na buɗewa sumul, PDF haka, bidiyon da ke kan disk haka, amma ka buɗe Facebook da YouTube da Gmail lokaci guda a Firefox sai ka ga linzamin ya fara tsalle-tsalle, RAM ta cika an koma rubutu a hard disk. Na sa uBlock Origin ya tare tallace-tallace, na mai da YouTube 360p, na ce wa ƙanwata kar ta wuce tab biyu ko uku. Daga baya na cire hard disk ɗin na sa ƙaramin SSD na hannu, wato ma'ajiyar da ta fi hard disk sauri, bambancin da wannan ya kawo ya ma fi na canjin system ɗin a wajen tashi da buɗe abubuwa. In kana da ɗan kuɗi, nan za ka fara sa su, sai ƙarin RAM in injin zai ɗauka.

Ka kuma tambayi mai injin me zai yi da ita kafin ka goge masa Windows. Mai CorelDraw ko Photoshop ba zai ji daɗi ba, akwai Inkscape da GIMP amma sai ya sake koyo, kuma manhajojin Windows na .exe ba kowanne Wine, manhajar da ke tayar da su a Linux, ke iya tayarwa ba. Ita ƙanwata rubutu ne nata, na nuna mata ta dinga ajiyewa a .docx saboda malaminta Word yake amfani da shi, in za ta kai bugawa kuma ta fitar da PDF don kar shafuka su hargitse a kwamfutar shago.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne a jerin kibod akwai Hausa na Najeriya a shirye, ba sai ka sauke komai ba, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita. A sashen Hausa take karatu, da can sai ta bi takarda da biro tana lanƙwasa haruffan bayan an buga, yanzu kai tsaye take rubuta su.