Aikin wuya da keke: inda nake fara ɗora yaro

Shagona yana kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, kuma aikin wuya da surfani na keke shi ne abincinmu. Iyaye kan kawo mini yara su ce, "Malam, ga ɗanka nan, a koya masa." Samarin da suka kawo kansu kuwa, tambayarsu ta farko ita ce nawa ake sayar da keken kwamfuta. Ni keken zigizag nake nuna musu, 20U ɗin nan da kowane mai aiki ya sani, don a kansa hannu yake faɗawa.

Kafin a fara, ana cire ƙarfen da ke danne yadi, a rufe haƙoran da ke jansa, a ɗame yadin cikin zobe har sai ya yi tauri kamar fatar ganga. Daga nan keke ba ya ja maka komai. Ƙafa ce ke ba da gudu, hannaye biyu suna juya zobe, gwiwar dama kuma tana tura sandar da ke buɗe faɗin ɗinki. Ganyen fure da kake gani ya fara siriri, ya buɗe, ya sake tsukewa, aikin gwiwa ne. Haɗa waɗannan gaɓoɓi su tafi tare shi ne koyon, kuma ba ya samuwa da gaggawa.

A Fagge na koya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsummokara ya tara mini, ya zana layuka da da'ira da biro, ya ce in bi. Yakan tsaya a bayana ya ce, "Kai yaro, daina kallon allura, kalli inda za ta." In na kai masa aiki, ba ya duba fuskar aikin, bayan yake juyawa. Zaren sama ya ɗan leƙo ta baya, na ƙoshiya, wato zaren ƙasa, kuma kada ya fito a fuska ko kaɗan. In ya fito, to a sassauta na sama. Sai da wannan ya zauna ya bar ni na taɓa shadda, kuma na daɗe ina wuyan kaftani kafin a ba ni zanen aska biyu da tambari na babbar riga.

Mai farawa ya sa gam, wato abin da ake mannawa yadi ya yi tauri, a bayan wuya don kada ya tattare. Allura mai lamba 14 ta wadatar a shadda, 11 a yadi mai laushi, kuma da ta dakushe a canza, don huda shadda ba ya gyaruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne zare. Ka shiga Kano ka sayo na siliki, kwali mai kyau, ƙyalli kamar gaske, ka zo yana tsinkewa a kan keke, ko ya zuba a wankin farko ya ɓata wa bawan Allah farar shadda. Mai zare yana can, sunanka ne ya ɓaci. Shi ya sa duk sabon zare sai na jiƙa shi na goga a farin ƙyalle kafin ya hau kekena. Amma sai mutum ya zo ya ce, "Ai wane rabin kuɗin nan yake yi." Nakan ce, "Alhaji, kawo rigar bayan wanki uku mu ajiye su tare." Masu arahar nan ɗinki suke warawa don zare ya yi auki, har kana hango yadi ta tsakanin aikin. Namu a cike yake, ka shafa da yatsa ka ji sumul.

Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, har mutanen Nijar suna biyowa su bar yadi. Mai son kayan ƙaramar Sallah ya kawo tun Sha'aban, don da azumi ya kai goma muke rufe karɓa. Sababbin yara kuma sai bayan Sallah nake ɗauka, lokacin da akwai keken da za su zauna a kai.