Abin da ke sa fim ya taɓa zuciya

Jama'ar Sakkwato masu son fim, ku lura: wurin da ke sa mutum hawaye tun farkon labari ake gina shi. Sai an nuna mana uwa tana daka gero, tana ƙulle kuɗin makarantar ɗanta a bakin zane, kafin rasuwarta ta yi mana ciwo. In ba a yi wannan shimfiɗar ba, ko an cika gida da kururuwa, ɗan kallo waya zai ɗauka.

Sai aikin kyamara. A matso kusa da fuska, a tsaya kamar daƙiƙa 5 ko 6 bayan an faɗi mummunan labari, kada a yanke. Kiɗa ya jira, ya shigo a hankali bayan shirun. A nan finafinan Hausa da yawa ke ɓata aikinsu: sarewa tana tashi tun kafin a buɗe baki, ta danne maganar. Wallahi abin yana min zafi, domin 'yan wasanmu sun iya.

Sauti ma haka. Ƙarar janareta a bayan murya mai rawa tana kashe wurin gaba ɗaya, don haka a nisanta shi, a kawo makirufo dab da mai magana.