Shekara huɗu a shagon fasa gem

Aikin farko da Maigida ya ba ni a shagonsa shi ne riƙe tocila. Zai kwance PlayStation 2, ya kifa allonta a kan tsohuwar jarida, ya maƙala tabarau, ni kuma ina tsaye a kansa ina haska inda ya nuna da haɓa. Wayoyi ne sirara kamar gashi, sun kusa ashirin, kowacce sai an liƙa ta da dalma a wani ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Hannu ya ɗan yi rawa, dalma ta haɗe ƙafa biyu, to kayan mutane sun tafi. Shi ya sa ba ya magana in yana sa cif, ko sallama aka yi sai dai ni in amsa. In ya rufe na'urar, ya zura faifan ƙwallo na kwafi, hoto ya taso, sai ya cire tabarau ya ce, "Kai, kashe tocilar nan, batir kuɗi ne."

A 2009 ne, na gama sakandare ina zaman jiran shiga jami'a, Baba ya ce zaman banza ba zai yiwu ba. Shagon yana Sabon Gari a Kano. Kayanmu kusan duk na hannu ne, daga Legas ake kawo su, wasu da sitikar yaran Turawa a jiki. Masu zuwa wurinmu yawanci masu gidan gem ne na cikin unguwanni: benci biyu, talabijin uku ko huɗu, ƙaramin janareta a bakin ƙofa, yara na layi suna jiran a fitar da wanda aka ci. A wurinsu na'urar da ba a fasa ba, wato wadda ba a sa mata cif don ta karɓi faifan kwafi ba, akwati ce kawai. Wata ma in ta Amurka ce ko ta Japan, ba za ta karɓi faifan Turai ba ko da na asali ne, wani lokaci kuma hoton ya fito baƙi da fari a talabijin ɗinmu.

Na daɗe ina ganin wauta ce kamfani ya ƙera abu, ya sayar, sannan ya sa masa kwaɗo. Wata rana na faɗa wa Maigida haka. Ya dube ni ya ce, "Kai kana zaton wannan akwatin suke sayarwa? Tsaba ce aka watsa. Kazar ita ce mai sayen faifai."

Sai daga baya, da na fara karance-karance, na gane zurfin maganar. Lokacin da Sony ta fitar da PlayStation 3 a watan Nuwamba na 2006, dala 499 da dala 599 ta sa wa samfuran biyu, alhali masu bincike na kamfanin iSuppli da suka kwance ta sun ƙiyasta cewa kuɗin ƙera kowace ɗaya ya haura dala 800. Wato duk na'urar da ta fita daga kanti, da asara ta fita. Inda ake fanshewa shi ne la'adar da kamfanin ke karɓa a kan kowane wasa da aka sayar, ko waye ya ƙirƙire shi, kamar yadda mai kasuwa ke gina rumfuna da kuɗinsa don ya riƙa karɓar nasa a kan duk kayan da aka sauke. Kwaɗon nan shi ne mai gadin kasuwar. Ba mu kaɗai muka gano cewa ana iya kwashe tsabar a gudu ba. Rundunar sojin saman Amurka ta haɗa PlayStation 3 guda 1,760 a 2010 ta mayar da su babbar kwamfutar lissafi, don ta fi sayen injinan da aka saba araha nesa ba kusa ba, kuma ba faifan ƙwallo ko ɗaya da za su saya. Su dai ba fasa ta suka yi ba, ta ƙofar da kamfanin ya bari a buɗe suka bi, wadda ke ba mutum damar ɗora Linux, manhajar da ke sa na'urar ta yi aikin kwamfuta.

Ni a lokacin ina da hujjata, kuma har yau ban jefar da ita duka ba. Sabon wasa a lokacin dala 60 ne. Dala tana wajen naira 150, ka ga naira dubu tara ke nan, a shekarar 2011 da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 18,000. Rabin albashin ma'aikaci a faifai guda. Wane mai gidan gem ne zai saya, yana karɓar canji a hannun yara? Sai nake cewa ba mu rage wa kowa komai ba, tunda wanda ba zai taɓa saye ba, ba a lissafa shi cikin cinikin da aka rasa. Abin da ban lura da shi ba shi ne cewa asarar ba ta ɓacewa, sauka take yi a kan wani, kuma sau da yawa wanin yana tsaye a cikin shagonmu.

Maigida ne ya fara ɗanɗanawa. Sa cif gwaninta ce, kaɗan ne suka iya a layinmu, shi ya sa yake yanka kuɗi yadda ya ga dama, a biya kuma a yi godiya. Sai aka fito da Free McBoot, manhajar da ake zubawa a katin memori, a soka shi kawai na'ura ta buɗe, ba kwancewa ba dalma. Aka haɗa da wata da ke karanta wasa daga fulash, faifan ma ya zama ba dole ba. Cikin 'yan watanni yaron da jiya yake share mana shago ya kafa tebur a bakin titi yana yin aikin da kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Da PlayStation 3 abin ya fi sauri. A watan Agustan 2010 aka fara sayar da wani ɗan fulash na fasa ta a kan sama da dala ɗari. Maigida ya yi ta lissafin yadda zai yi odar guda biyar. Kafin ya gama haɗa kuɗin, wasu sun kwaikwayi dabarar sun saki kyauta a intanet, a watan Satumba kuma kamfanin ya toshe hanyar da sabuntawa. Allah ya so shi, jinkirin ne ya cece shi. Sana'ar da aka gina a kan ramin da ke bangon wani, ko mai bango ya toshe, ko kowa ya gano ramin, duka biyun kai ne a ƙasa.

Labarin yadda aka fasa ta gaba ɗaya ya fi duk wani fim da na gani. Tun a watan Afrilun 2010 Sony ta cire damar ɗora Linux daga tsofaffin na'urorin da ke hannun mutane, abin da ya harzuƙa masu ƙwaƙwalwar da a da suka ƙyale kwaɗon don suna da wurin wasansu. A ƙarshen Disamba, a wani taron masana kwamfuta a Balin, ƙungiyar fail0verflow ta nuna kuskuren da ba wanda ya zata. Duk manhajar da na'urar za ta yarda da ita sai tana ɗauke da sa-hannun kamfanin, kuma lissafin sa-hannun na buƙatar sabuwar lamba da ba wanda zai iya hasashenta kowane karo. Kamfanin lamba ɗaya ya riƙa maimaitawa. Da sa-hannu biyu kacal ana iya juya lissafin a fito da makullin sirrin. Kwanaki kaɗan bayan haka wani matashi Ba'amurke, George Hotz, ya wallafa makullin, Sony ta maka shi a kotu a Janairun 2011, suka sasanta a bazara. A watan Afrilu kuma wasu suka kutsa cikin PlayStation Network, dandalin Sony na intanet, suka kai ga bayanan asusu wajen miliyan 77, aka rufe shi kwana 23, kamfanin ya ƙiyasta asarar dala miliyan 171. Mu a Sabon Gari ko a jikinmu, don kusan ba mai hawa intanet da gem a cikin abokan cinikinmu. Abin da ya dame mu lamba ce guda: 3.55. Na'urar da manhajarta ba ta wuce nan ba zinariya ce, wadda ta wuce kuwa ciwon kai.

A nan ne na tafka tawa. Wani Alhaji ya kawo ta ɗansa, yaron ya jona ta da intanet ta sabunta kanta, wasannin da muka zuba duk suka daina buɗewa. Maido da ita baya sai an kwance, an maƙala wata 'yar na'ura a kan ƙwaƙwalwarta, an kwafe abin da ke ciki, an gyara, an mayar. Dokar Maigida ita ce a kwafa sau biyu a kwatanta, in ba su zo daidai ba maƙalin bai zauna ba. Ranar ya tafi ɗaurin aure, ni kuma ina so ya dawo ya tarar na gama. Na kwafa sau ɗaya na wuce. Da na kunna, fitila ta kawo, fanka ta juya, talabijin baƙi ƙirin. Kwafin da zan koma gare shi ma gurɓatacce ne, babu abin mayarwa.

Alhajin bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "Yaro, ba dai da gangan ba?" Na ce, "Wallahi a'a, ranka ya daɗe." Maigida ya ɗauko wata daga cikin na sayarwa ya ba shi. Bayan ya fita ya ce mini, "Ka ga in da ba a taɓa buɗe ta ba, mai ita yana da wanda zai kai wa ƙara. Tunda muka fasa, mu ne kamfanin." Wata uku ana cire rabin abin da yake ba ni. Kuma gaskiyarsa ce ta kowace fuska. Faifan kwafi yana wahalar da idon PlayStation 2 mai karanta faifai har ya mutu da wuri, mu ne masu sayar da sabon ido. Mai gidan gem yana murna ya sayi wasa da arha, bai lissafa sau nawa ya dawo mana a shekara ba.

A ƙasashen da doka ke bin sawu, abin ya wuce cire albashi. Gary Bowser, ɗan Kanada da ke tallata kayan fasa Nintendo Switch na ƙungiyar Team Xecuter, an kama shi a 2020, a Fabrairun 2022 kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 40, ga bashin dala miliyan 14.5 da aka ɗora masa. Abin dariya, sunansa ɗaya da dodon da Mario ke yaƙa a wasannin kamfanin. An sake shi a 2023, amma za a riƙa yankar wani kaso na duk abin da ya samu, bashin da dattijo irinsa ba zai gama biya ba. Ni a ganina hukuncin ya yi tsauri, izina aka so yi da shi. Sai dai da na karanta cewa ba shi ne mai ƙera kayan ba, ɗan gaban shago ne, sai da gabana ya faɗi, don matsayina ke nan.

Wanda ya rushe mini hujjar nan ta "ai ba za su saya ba" kuwa ba Bature ba ne, yayana ne ɗan wan babana, mai tace finafinan Hausa. Shekarun da masu tura fim a waya suka cika kowace kwana, kasuwar faifai ta faɗi, furodusoshi suka rage aiki, shi ma ya koma zaman jiran kira. Wata rana yana tsine wa masu turawar, ina taya shi. Ya juyo ya ce, "Kai kuma me kake yi a shagonku?" Na ce, "Haba Yaya, ai waɗancan manyan kamfanoni ne, ko ji ba za su yi ba." Ya ce, "Su ma masu tura fim cewa suke 'yan fim na da kuɗi, sun gan su a mota." Na buɗe baki na rufe. Ban taɓa tunanin cewa a bayan kowane wasa akwai irinsa ba, masu zane da masu haɗa sauti da ake sallama in ciniki bai yi ba. Akwai kuma wani abin da ya fi damuna daga baya: duk dubban na'urorin da suka bi ta hannunmu, a littafin kamfanonin nan babu mu. Na hannu muka saya, wasa ba mu biya ba, don haka ba wanda ya ga dalilin yi mana farashin da ya dace da aljihunmu, mu kuma muka ci gaba da fasawa don farashin bai dace ba.

Su kamfanonin ba su ci yaƙin da kwaɗo ba, ɗauke dukiyar suka yi daga akwatin. Daɗin wasan ya koma can wurinsu a intanet, inda na'urar da aka fasa ke shiga a toshe ta. A 2021 Konami ta mayar da wasan ƙwallon da muka ci abinci da shi kyauta, ta sa masa suna eFootball, sai dai ka sayi 'yan wasa a ciki. Ƙanena da bai taɓa sayen faifai ba, yanzu kuɗin makarantarsa na tara yake tarawa ya sayi ɗan gaba a waya.

Na bar shagon a 2013 da na samu gurbin karatu. Bara na leƙa gaishe da Maigida, na tarar ya koma gyaran waya da sayar da hannun gem. Muna cikin hira wani saurayi ya shigo yana neman PlayStation 4 ta hannu, ya ce amma don Allah wadda ba a taɓa ba, da abokansa na Dubai yake bugawa. Maigida ya ce akwai, sai dai ta fi tsada. Da saurayin ya fita ciro kuɗi, ya jawo durowar ƙasa ya nuna mini wata leda cike da cif na PlayStation 2, sababbi fil, wayoyinsu a naɗe.

"Guda nawa ne, Maigida?"

"Arba'in da wani abu. Miƙo mini tocilar can, akwai wayar da zan duba kafin ya dawo."