Sarƙar moto da yashin hanyar Agadas

Daga Maradi zuwa Damagaram babu abin ba da labari, kwalta ce ta Tasawa da Takeita wadda kowane direba ya haddace. Tafiyar ta soma ne da na juya arewa, na wuce matatar mai ta Soraz da aka buɗe a 2011, na bar Tanut a baya.

Kafin in tashi, wani bakanike a unguwarmu ya laftawa sarƙar moton baƙin mai har yana ɗiga, ya ce: "Malam, ko Makka za ka je, wannan ya ishe ka." Har yau idan na tuna maganar sai raina ya ɓaci. A cikin gari dabarar ba ta da laifi, amma a inda kwalta ta farfashe, motoci suka ratse cikin yashi, man nan shi ne yake kama ƙasa, ya dame da ita, ya riƙa cin haƙoran da sarƙar take hawa kamar ana goga su a dutsen wasa wuƙa. Tun kafin Adarbisanat na fara jin ƙara a ƙarƙashin ƙafata, sarƙar ta saki, daga baya ta tsinke a wurin da babu ko inuwar da za a fake.

Direban wata babbar mota mai ɗauke da albasa ne ya tsaya. Ya duba haƙoran da suka lanƙwashe suka yi tsini, ya girgiza kai, yaransa suka ɗaga moton suka ɗaure bisa buhuna. Kuɗin da na ware na masauki da tsaraba, a kan sabuwar sarƙa da haƙoranta suka ƙare, kuma a farashin wanda ba shi da zaɓi.

Wanda zai bi hanyar nan ya wanke sarƙarsa da kananzir kowace yamma, ya sa mai kaɗan, ya goge ragowar da tsumma, ya kuma riƙe maɗaurin sarƙa na ajiya a aljihu. Ruwa da takardun moto kowa yana tunawa da su saboda ƙishirwa da shingen jandarmomi, sarƙa kuwa sai ta tsinke.

Na ga hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Sai dai da na dawo Maradi na buɗe littafin da nake rubutu a ciki kowane dare, na tarar hasumiyar ba ta cika shafi guda ba, sarƙa da direban albasa sun cinye sauran. Abokaina da suka karanta sun ce in rage zancen gyara in ƙara na gari. Ban rage ba, domin labaran matafiya da na karanta kafin in tashi duk hotunan tuddan yashi ne, babu wanda ya ambaci baƙin mai.